Makarantun kuɗi a Gaya: me iyaye ke saye, wa ke biyan sauran?

Da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe, kafin manyan shagunan gwanjo su buɗe, titunan Gaya na ƴan makaranta ne. Ƴan kabu-kabu na ta sauke yara bibbiyu a bakin wasu ƙofofi da aka rubuta wa CSP a sama, wato makaranta mai zaman kanta wadda ta haɗa firamare da kolej, wata ma har da lise. Sirbeyan, wato mai kula da ɗalibai, na tsaye da rajista a hannu, yana rubuta sunan duk wanda ya makara. Ana kaɗa ƙararrawa aji ya yi tsit, malam ya ɗauki alli. Rana na take tsaka kowa ya kama hanyar gida, domin makarantun na jeka-ka-dawo ne.

A da, yaron da ya gama firamare a Gaya kusan hanya ɗaya gare shi, kolejin gwamnati. Yau uba kan zauna ya yi lissafin buhunan shinkafarsa ko ribar shagonsa, ya ga ko za su isa a kai yaro firibe, kamar yadda ake kiran makarantun kuɗi a nan. An ga irin wannan sauyi a Yamai da Maraɗi da Damagaram, sai dai na Gaya yana da nasa launi, saboda garin yana cin abinci ne daga iyakoki biyu: gadar kogin Isa mai ƙetarawa Malanbil ta ƙasar Benin, da hanyar Kamba ta jihar Kebbi a Najeriya. Abin da nazarin nan ke son nunawa shi ne, makarantar kuɗi a Gaya tana tsaye ne a kan ƙafafu biyu na aro, malamin gwamnati da kasuwar iyaka, kuma duk wadda ta gurɗe cikinsu ɗalibi ne ke jin ciwon.

Abin da ya kawo su

Dalili na farko yawan jama'a ne. Ƙidayar 1988 ta sami kimanin mutum 15,000 a garin Gaya, ta 2001 ta sami kimanin 28,000, ta 2012 kuma kimanin 45,000. Cikin shekaru 24 gari ya ninka har sau uku. A ƙasa baki ɗaya, ƙidayar 2012 ta nuna al'umma na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari kowace shekara. Gina aji da horar da malami ba sa gudu irin wannan. Shi ya sa aji ke cika maƙil, yara uku ko huɗu a benci ɗaya, wasu kuma a rumfar zana da sai an jira damina ta ɗauke kafin a kafa ta. Gobarar da ta cinye irin waɗannan azuzuwa a Yamai cikin Afrilun 2021, da ta Maraɗi cikin Nuwamban shekarar, kowace ta ci rayukan yara 20 ko fiye, kuma sun ƙara sa iyaye masu hali neman aji na bulo da kwano.

Dalili na biyu halin da malamin gwamnati ya shiga. Tun ƙarshen shekarun 1990 hukuma ta koma ɗaukar malaman sa-kai, daga baya na kwantaragi, don ta buɗe azuzuwa da yawa da kuɗi kaɗan. An kai lokacin da malaman kwantaragi suka fi masu lambar ma'aikaci yawa nesa ba kusa ba. Alawus ɗinsu ƙarami ne, kuma an sha yin watanni bai zo kan lokaci ba. Yajin aikin malamai ya riƙa bin na ɗaliban ƙungiyar USN, har aka yi shekarun da yaro ya shiga ɗakin jarrabawa bai gama manhaja ba. A 2017 gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi na firamare gwaji, kusan ɗaya cikin uku ne kawai ya sami makin da ake buƙata.

Dalili na uku sakamakon da kowa ke gani. Binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ƙasashe goma na Afirka masu aiki da Faransanci, ya sami Nijar a ƙarshen layi: ko ɗaya cikin goma na masu gama firamare bai kai matakin karatun da ake nema ba. Na 2019 ya nuna an ɗan farfaɗo, an kai kusan uku cikin goma. Waɗannan yaran su ne ke shiga ajin farko na kolej, inda kowane darasi da Faransanci ake yin sa. A 2021, kimanin ɗaya cikin biyar ne ya ci jarrabawar BEPC ta ƙarshen kolej a faɗin ƙasa, masu cin BAC ta ƙarshen lise kuwa ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. Uban da ya ji wannan a rediyo ba ya buƙatar mai yi masa talla.

Dalili na huɗu na Gaya ne ita kaɗai. Kafin a rufe gadar a 2023, kayan da ke fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta nan suke shiga Nijar, wasu su zarce Dosso da Yamai, wasu a sauke su a manyan shaguna kafin ƴan kasuwar Najeriya su zo saye. Wannan harka ta tara masu kuɗi a hannu: manyan ƴan kasuwa, masu fitar da kaya a duwan, wato kwastan, direbobi, ƴan canji, ma'aikatan da aka turo aiki. Ta kuma sauya yadda ɗan kasuwa ke kallon boko. Wanda ya sha biyan wani don ya karanta masa takardar duwan yana son ɗansa ya iya da kansa, ya ji Faransancin Kwatano, ya ji Ingilishin Kamba. Masu ɗari-ɗari da makarantar boko kuma sun sami tsarin faranko-arab, wanda tushensa a ƙasar nan ya koma madarasar Sayi ta 1957, inda ake haɗa Larabci da darussan zamani har zuwa BAC.

Rayuwar ɗalibi

Abin da iyaye ke saye da kuɗinsu, farko dai lokaci ne. A makarantar kuɗi ana shiga aji tun ranar komawa, ana yin jarrabawar gwaji a kai a kai, ana aika takardar maki gida, malamin da ya yi fashi a yanke masa kuɗin awarsa. Ajin ƙarshe na kolej da na lise kan sami ƙarin darasi da maraice ko ranar Asabar, musamman a zafin Maris da Afrilu da jarrabawa ke ƙaratowa. Uba na iya shiga ofishin mai makaranta ya tambayi dalilin da makin ɗansa ya faɗi, a kuma saurare shi, tunda shi ke biya.

Ga ƴaƴa mata, wannan tsari na da daraja ta musamman. A ƙasar da kusan uku cikin huɗu na mata ke aure kafin shekara 18, makaranta mai katanga, kusa da gida, wadda ake tashi a kan lokaci, tana kwantar wa uwa hankali ta bar ƴarta ta kai BEPC. Dokar Disamban 2017 mai kare karatun yarinya har shekara 16 tana samun abin dafawa a irin wannan wuri.

Amma akwai ranar da kowane ɗalibin firibe ya sani. Sirbeyan ya leƙo aji ana tsakiyar darasin lissafi, da ƴar takarda a hannu, ya fara kiran sunayen waɗanda ba a biya musu kashi na biyu na kuɗin makaranta ba. Yarinya ta rufe littafi a hankali, ta gyara hijabi, ta fita ba ta kalli kowa ba. Ba laifin da ta yi: motar babanta ce ta yi makonni ba ta sami lodi ba. Za ta dawo bayan kwana huɗu ko sati biyu, ta tarar an wuce babin. Wannan kunya tana cikin kuɗin da yara ke biya, ko da yake ba a rubuta ta a rasit.

Akwai kuma koken da malamai da kansu ke yi. Ɗalibin da aka sallama daga kolejin gwamnati saboda faɗuwa yakan sami gurbi a wata firibe, har a ɗaga shi aji don kada a rasa kuɗinsa. Wasu makarantun kuma, da jarrabawa ta zo, sai su tace masu rauni don sakamakon da za su liƙa a bango ya yi kyau. Saboda haka ba duk alƙaluman da ke jikin katanga ne ke faɗin gaskiyar abin da aka koyar ba.

Rayuwar malami

Idan ka tsaya a bakin makarantar kuɗi wajen ƙarfe sha ɗaya, za ka ga mutum ya iso a babur da sauri, hannun rigarsa fari fat da alli, jakarsa cike da takardun da bai gama gyarawa ba. Daga lisen gwamnati ya fito. Malaman lissafi da kimiyya da falsafa ba su da yawa a gari kamar Gaya, don haka su ɗin ne dai ake rabawa. Yana koyar da awoyinsa na hukuma, ya cika da na firibe da ake biya awa-awa, da dare kuma wataƙila ya shiga gidan wani alhaji ya yi wa yara bita.

Ba wanda zai zarge shi da neman halak ɗinsa, ga haya ga iyali. Sai dai jiki da jini ne. Mutumin da ya yi magana awa bakwai a yini ba zai gyara takardu ɗari biyu da natsuwa ba. Kuma idan gajiya ta zo, ajin da ba a yanke kuɗi shi ake yi wa ƙwauro. A nan ne ɗan talaka ke biyan wani kaso na karatun ɗan mai hali, ba tare da ya sani ba.

Rukuni na biyu matasa ne masu digiri daga Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko sauran jami'o'in ƙasa, waɗanda ba su sami aikin gwamnati ba. Da yawansu na da himma, amma ba su bi ta makarantar horar da malamai ba. Galibi ba takardar yarjejeniya, ba a zuba musu kuɗin fansho, watannin babban hutu kuma ba ko dala. Da zarar wata ƙofa ta buɗe sai su tafi, ɗalibi ya wayi gari da sabon malami a tsakiyar shekara.

Idan gada ta rufe

Ƙafa ta biyu, wato kasuwar iyaka, ta nuna rauninta sau biyu cikin ƴan shekaru. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kasuwar Gaya ta yi sanyi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, CEDEAO, ya tsayar da komai. An ɗage shi a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a Maris, amma gadar Malanbil ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar. Mutane suka koma ƙetare kogi a kwalekwale, manyan motoci suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso. Faɗuwar naira tun Yunin 2023 ta kuma rage ƙarfin masu zuwa sayayya daga Kebbi da Sakkwato.

Sarkar a bayyane take. Mota ba ta shigo ba, ɗan dako bai samu ba, mai shago bai sayar ba, kashi na biyu bai shiga asusun makaranta ba, malami bai karɓi kuɗin awoyinsa ba. Wasu yaran aka mayar da su kolejin gwamnati da dama can ya cika. A 2025 gwamnati ta sa baki ta ba da umarnin rage kuɗin makarantu masu zaman kansu. Sauƙi ne ga iyaye, amma in ba a sa ido ba, mai makaranta zai nemi cike giɓin daga aljihun malami ko ta ƙara cunkoso a aji.

Riba da hasara

Idan aka ɗora a sikeli, makarantun kuɗi sun amfani Gaya. Sun rage wa azuzuwan gwamnati nauyi, sun ba matasa aiki, sun riƙe yaran da da an tura su Dosso ko Yamai zaman gidan dangi tun suna ƙanana. Sun fitar da masu BAC da suka wuce Yamai, ko jami'ar Dosso da aka kafa a 2014, ko jami'o'in Sakkwato da Faraku. Sun kuma nuna cewa malamin nan ɗaya, idan aka biya shi kan lokaci aka kuma sa masa ido, yana gama manhaja.

Hasarar kuwa ta fi ɓoyuwa. A da, ɗan sarki da ɗan masunci, Dandawa da Hausawa da Fulani da Cangawa, benci ɗaya suke zama. Yanzu katanga na raba su tun suna shekara 12. Iyayen da ke da bakin magana da hukuma sun kwashe ƴaƴansu, sai makarantar gwamnati ta rasa masu yi mata faɗa. Ɗan manomin rake ko mai dafa gishiri a Foga, wanda ya zo gari karatu yana kwana a zauren wani, shi aka bari da abin da ya rage.

Abin yi

Hukumar ilimi ta ƙayyade awoyin da malaminta zai iya yi a waje, ta kuma tabbatar ya cika nata. Ta tilasta wa kowace firibe samun malamanta na dindindin masu takardar yarjejeniya da kuɗin fansho. A riƙa bayyana sakamakon kowace makaranta tare da adadin yaran da suka fara shekara, ba waɗanda aka tace kawai ba. Masu makarantu su daina korar yaro daga aji kan bashin ubansa, su kira uban su yi magana. Attajiran gari kuma, waɗanda Allah ya buɗa wa ta hanyar iyaka, su ɗauki nauyin haziƙan ƴaƴan ƙauye, su taimaka a maye azuzuwan zana da na bulo.

Ga iyaye, kafin ku biya kashi na farko ku shiga ku ƙirga yaran da ke aji, ku tambayi malamai nawa ne na makarantar ita kanta, ku duba littafin ɗanku kowane mako. Kada kuma ku juya wa kolejin gwamnati baya don naku ba sa ciki. Mafi yawan ƴaƴan Gaya can suke, daga can malaman ƴaƴanku ke fitowa kowace safiya, kuma gyaransa shi ne gyaran karatun garin gaba ɗaya.