Yadda tukunyar kunu ta koya wa ɗiyata aman wuta

Ɗiyata 'yar shekara shida ta dawo daga makaranta nan Duwala da zanen dutse yana feshin wuta. Sunansa na Faransanci ta haddace tsaf, amma da kakarta ta ce, "To, mene ne shi da Hausa?" sai ta yi tsuru-tsuru.

Da yamma na ɗora kunu, na rufe tukunya. Da ya tafasa ya ture murfi ya malalo, na ce mata, "Kin ga aman wuta ke nan." Can ƙarƙashin ƙasa zafi na narkar da dutse, in ya sami kafa sai ya ɓullo. Muka jera kalmomi: dutse mai aman wuta, bakin dutse, narkakken dutse, toka.

Abin ba na nesa ba ne. Dutsen Kamaru da ke kusa da Buya, mai tsayin sama da mita 4,000, ya yi aman wuta a 1999 da 2000. A watan Agustan 1986 kuwa, Tafkin Niyos, wanda ke kwance a bakin wani tsohon dutse, ya saki iska mai shaƙe numfashi. Mutum sama da 1,700 suka rasu, makiyaya suka rasa dubban shanu.

Iskar nan nauyi gare ta, kwari take bi. Shi ya sa na ƙara wa yarinyar kalma ɗaya: tudu. In an ga dabbobi na zubewa haka kawai, a hau tudu.

Washegari ita ta zauna tana koya wa kakarta. Tsohuwa ta jinjina kai, ta ce, "Ikon Allah! Allah Ya kiyaye."