Allon Karatu Mai Faɗin Takarda

Duk wanda ya taɓa buɗe takardar bincike ta PDF a waya ya san wahalar. Rubutun ya kasu gida biyu, ga jadawali a ƙasa, ga lambobin lissafi ƙanana kamar ƙwayar gero. Ka sa yatsu biyu ka faɗaɗa, ka gangara, ka koma sama neman zanen da aka ce ka duba, kafin ka dawo ka manta inda ka tsaya. Ƙaramar na'urar karatu mai inci 6 ma ba ta raba ka da wannan ba, don littafin labari aka ƙera ta, wanda rubutunsa ke bin girman allo. Shafin PDF kuwa yadda aka tsara shi haka yake zama.

A 2009 Amazon ya fito da Kindle DX mai inci 9.7 a kan dala 489, aka gwada shi a wasu jami'o'in Amurka, ciki har da Princeton. Ɗalibai suka koka. Juya shafi da nawa, yin rubutu a gefe kuma sai an sha fama. Ashe mai nazari ba karatu kawai yake yi ba: yana ja wa jimla layi, yana tsallakawa shafi na 80 ya dawo na 12. Sony ya fahimci haka, ya yi Digital Paper mai inci 13.3 da alƙalaminsa, kusan faɗin takardar A4. Da ya shiga kasuwar Amurka a 2014, dala 1,100 ne kuɗinsa. Daga baya Sony ya janye, ya bar fagen ga irin su Onyx Boox na Sin da reMarkable na Norway.

Tsadar tana da dalili. Kusan duk allunan nan kamfani ɗaya ke yin su, E Ink na Taiwan, masu sayen manyan kuma ba su da yawa: lauyoyi, injiniyoyi, malaman jami'a.

Abin da ke damuna ke nan. Allon nan ba ya cin wuta sai lokacin juya shafi, caji ɗaya kan yi kwanaki, a tsakar rana ma rubutu raɗau yake. Ɗalibin likitanci a Zariya ko Yamai, da ke karatu a waya yana lissafin sauran caji, ya fi lauyan Landan buƙatarsa. Ɗakunan karatu na jami'o'inmu su sayi ko da guda ashirin ne, a riƙa ba da aronsu kamar littafi.