Soja ya tuɓe kaki ya komo gida

Yau hirarmu bisa tsohon soja take, wato mutumin da ya ƙare aikin bariki ya komo cikinmu yana neman abin yi.

Wannan magana ba ta yau ba ce. Tun zamanin Turawa, Faransa ta ɗebi samari daga ƙasarmu ta kai su yaƙin duniya na 1939 zuwa 1945. Daga baya ta kai wasu Indoshin, wasu Aljeriya. Rundunar sojan Nijar kuwa an kafa ta ranar 1 ga watan Agusta 1961. A 2015 kuma ɗiyanmu suka shiga faɗa da Boko Haram a jihar Difa. Kun ga kowane zamani da nasa sojan da ke komowa gida.

To, ina wuyar take? A bariki ƙaho ke tada soja da asuba. Babbansa ke faɗa masa aikin yini. Abinci da tufafi na gwamnati ne, albashi kuma ƙarshen wata. In ya komo gari, babu ƙaho, babu mai ba shi umurni. Manomi shi ke tada kansa. Kuɗinsa kuwa sai kaka, shi ma in damana ta yi kyau. Wanda ya shekara 15 ko 20 cikin bariki dole ya ji kamar baƙo ne a gidan ubansa.

Akwai kuma wuyar da ido ba ya gani. Wani tsohon soja ba ya samun barci. Wani in ya ji ƙara sai ya firgita. Wani abu kaɗan sai fushi. Wannan ba hauka ba ne, ba kuwa iskoki ba. Ciwo ne da yaƙi ke bari cikin zuciya, kuma yana da magani. A raka shi wurin likita, kada a yi masa dariya.

Sai maganar fansho. A 1959 Faransa ta yi doka ta tsai da fanshon tsofaffin sojojinta na Afirka wuri guda. Kaya na ta tsada, kuɗinsu ba ya ƙaruwa. Sai a 2011 aka daidaita shi duka da na Faransawa, bayan da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Darasin shi ne: fansho taimako ne, amma shi kaɗai ba ya riƙe gida. Sana'a ke riƙe gida.

Kai tsohon soja, ba hannu wofi ka komo ba. Wataƙila ka koyi tuƙin mota, ko gyaranta, ko gini, ko ɗaurin rauni. Ka san kiyaye lokaci, ka san aiki cikin jama'a. Ga shawara huɗu:

1. Ka adana littafinka na soja da takardun fansho inda ruwa da gara ba su kai.

2. Kuɗin da ka komo da su, kada ka ƙare su ga buki. Ka sayi kayan aiki: shanun noma, ko amalanke, ko injin ban ruwa don noman rani.

3. Ka shiga ƙungiyar manoma ko ta masu sana'a. Can shawara ake yi, ba umurni ba. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

4. In ba ka iya karatu ba, zo aji. Mai karatu shi ke duba takardarsa da kansa, ba a cutarsa.

Ku kuma mutanen gari, ku ba shi gona ko aro ce. Ku kai masa aikin da ya iya. Iyalinsa su yi haƙuri, don sabon zama ba ya zuwa rana ɗaya.

Yanzu ku tattauna da malaminku cikin aji. Tsofaffin sojoji nawa ke garinku? Wace sana'a suka iya? Wane taimako kuka yi musu? Kowa ya rubuta amsarsa da hannunsa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.