Kamun Kifin Bas a Amurka: Yadda Suke Sauya Ƙoto Idan Zafi Ya Kawo Jiki



Yau za mu ɗan bar tamfol da tankin siminti, mu leƙa tafkunan Amurka. A can lokacin zafi yana kamawa ne daga Yuni zuwa Agusta, kuma duk shekara idan ya kawo jiki, masu kamun wani kifi da ake kira bas sukan sauya kusan komai: irin ƙoton da suke ɗaurawa, kaurin zare, zurfin da suke jefa ƙugiya, har da lokacin fita. Kifin bai canza ba, tafkin ma shi ne na jiya, amma abin da ya kama musu kifi a Afrilu sai ya ƙi aiki a Yuli. Na kawo maganar nan ne saboda abin da ke sa bas ya canza hali shi ne dai ke sa tarwadarka ta ƙi cin abinci a bazara, kai kuma kana ta zuba kuɗinka cikin ruwa.

WANE KIFI NE BAS?

Kifin ruwan daɗi ne mai farauta, ɗan asalin Arewacin Amurka, kuma wanda ya fi suna shi ne mai faɗin baki. Abincinsa ƙananan kifaye, kwaɗi da ƙwari. In kana son ka gane halinsa, ka tuna giwan ruwa: ya laɓe, ya jira, ya kai cafka. Sai dai bai kai giwan ruwa girma ba. A 1932 wani manomi mai suna George Perry ya kama mai nauyin kilo 10 da 'yan kai a Tafkin Montgomery da ke jihar Jojiya, aka rubuta shi a matsayin mafi girma a duniya. Ba a samu wanda ya kamo shi ba a hukumance sai a 2009, lokacin da Manabu Kurita ya kama kwatankwacinsa a Tafkin Biwa na Japan.

Kamun bas a can sana'a ce babba. Ray Scott ya shirya gasarsa ta farko a 1967 a Tafkin Beaver na jihar Arkansas, a 1968 ya kafa ƙungiyar B.A.S.S., sannan a 1971 aka fara babbar gasar Bassmaster Classic. Wani abin lura shi ne, yawancin masu wannan kamu suna mayar da kifin ruwa da ransa. To kifin da ƙugiya ta taɓa sokarsa sau ɗaya sau biyu ai ya yi wayo. Nan ne karin maganar nan tamu ta zauna daram: kifi na ganinka, mai jar koma.

Galibinsu ba sa amfani da tana mai rai. Ƙoton bogi suke ɗaurawa, na roba, na katako ko na ƙarfe. A 1936 wani masunci ɗan ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya sassaƙa ɗan kifin da ke tafiya a ruwa kamar mai rauni, har yau kamfanin Rapala da sunansa yake tafiya. A 1949 kuma Nick Creme ya ƙera tanar roba a garin Akron na jihar Ohio. Yau ire-irensu sun cika shaguna, shi ya sa zaɓin ya zama ilimi.

ABIN DA ZAFI KE YI WA KIFIN

Bas yana saka ƙwai ne idan zafin ruwa ya kai wajen digiri 15 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyas. A lokacin yana bakin gaɓa, namijin na gadin sheƙa, duk abin da ya gifta sai ya kai masa hari. Bayan an gama, kifin ya gaji, ya rame, ya ja da baya. Daga nan zafi ya shigo, abubuwa uku su faru.

Na farko, jikin kifi ba ya riƙe zafin kansa kamar namu, zafin ruwa yake bi. Ruwa na ɗumi, jikinsa na ƙara aiki, yana ƙara buƙatar abinci da iskar oksijin. Na biyu, ruwan ɗumi ba ya riƙe iska da yawa. A digiri 20, lita ɗaya ta ruwan daɗi na iya ɗaukar oksijin kusan miligiram 9, amma a digiri 30 sai ya dawo kusan 7.5. Ka ga buƙata ta hau, abin da ake buƙatar kuma ya ragu. Na uku, a tafki mai zurfi ruwan yakan rabu hawa-hawa: na sama mai ɗumi, na ƙasa mai sanyi, kuma ba sa gauraya. Na ƙasan yakan ƙare da ƙarancin iska, don haka kifin sai ya tsaya daidai saman iyakar, ko ya shige inuwar ciyawa, ƙarƙashin gada, ko cikin rassan bishiyar da ta faɗa ruwa.

Wato kifin bai daina ci ba. Wurin cinsa da lokacin cinsa ne suka takura, kuma ba zai ɓata ƙarfinsa yana bin abu da gudu da rana tsaka ba.

KAMUN HAYANIYA

Hanya ta farko ni ina kiranta kamun hayaniya: ƙoto babba, mai motsi da ƙara, a jefa a janyo da sauri, a bi wuri mai faɗi ana neman kifin da ke cikin shirin ci. Da asuba da kuma dab da magariba suna sa ƙoton da ke yawo a saman ruwa yana fantsama. Inda bado da ciyawa suka rufe ruwa, kwaɗon roba suke ja a kai, ƙugiyarsa a lafe da jikinsa don kada ta sarƙe. Idan kifin ya yi ƙasa, sai su ɗauko ɗan kifin roba mai leɓe a gaba. Leɓen ne ke sa shi nutsewa, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon zurfin da zai kai, wasu har mita 6. Idan ruwa ya yi duhu ko ana iska, sai su sa mai ƙarfe kamar cokali wanda ke juyawa yana walƙiya. Kifi yana da wani layi a gefen jikinsa da yake jin girgizar ruwa da shi, ko bai ga ƙoton ba zai ji zuwansa.

KAMUN LALLASHI

Idan rana ta take, ruwa ya yi garau, babu iska, ga jiragen masu kamu ko'ina, hayaniya korar kifi take yi. Nan ƙwararru ke komawa hanya ta biyu, kamun lallashi. Komai a rage shi: sanda mai laushi, zare siriri wanda ƙarfinsa bai wuce kilo 3 zuwa 4 ba, yawanci na fulorokabon saboda ba ya fitowa sosai a cikin ruwa, ƙaramar ƙugiya, ƙaramin ƙoto, da haƙuri mai yawa. Ga ɗauri huɗu da suka fi amfani da su.

1. Dalma a ƙasa. Ana ɗaura ƙugiya a jikin zare, a bar jela mai tsawon santimita 30 zuwa 45, a ɗaura dalma a ƙarshenta. Dalmar na ƙasa, ƙaramar tanar roba na rataye a sama daidai idon kifi. Mai kamu ba ya ja, ɗan karkaɗa kan sanda kawai yake yi. Masuntan Japan ne suka yi fice da shi, ya bazu a Amurka ta jihar Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1990. Shi ne maganin kifin da ya yi zurfi ya tsaya wuri ɗaya.

2. Ɗaurin Ned. An sa masa sunan Ned Kehde, wani marubucin harkar kamun kifi a jihar Kansas. Guntun roba ne da bai wuce santimita 7 ba, a kan ƙugiya mai kan dalma da nauyinsa bai kai giram 2 ba. Idan ya sauka ƙasa sai ya tsaya da jela sama kamar ɗan kifin da ke kiwo. In ka gan shi za ka raina shi, amma kifin da ya ƙi komai yakan ɗauke shi.

3. Ɗaurin tsakiya. Ana soka ƙugiya a tsakiyar tanar roba mai kauri, irin Senko da Gary Yamamoto ya fitar a shekarun 1990. Ba dalma. A jefa kusa da inuwa a ƙyale ta tana nutsewa a hankali, gefe da gefe na rawa. Yawancin cafka a lokacin nutsewar take zuwa, shi ya sa idonsu ke kan zare.

4. Ɗaurin Neko. Kamar na tsakiya ne, sai dai ana cusa ɗan nauyi mai kama da ƙusa a kai ɗaya, tanar ta sauka da ka, ta kai zurfin da na tsakiya ba ya kaiwa da wuri.

Launi ma da ƙa'idarsa. A ruwa mai haske suna zaɓar kore-kore ko ruwan ƙasa, mai kama da abincin gaske. A ruwa mai laka kuma baƙi ko shuɗi mai duhu, don kifin ya ga inuwar abin. Kafin ƙwararre ya buɗe akwatin ƙoto, sai ya duba zafin ruwa, haskensa, zurfin da kifin yake, da irin abin da yake ci a wannan makon. Ruwan ne ke zaɓa masa ƙoto.

TO MU INA RUWANMU?

Ba cewa nake ka je ka nemo bas ba. A Tafkin Biwa ɗin nan da na ambata, baƙo ne da aka shigar, kuma hukuma na yaƙi da shi saboda cinye kifayen gida. Abin ɗauka shi ne yadda suke karanta kifi kafin su ba shi komai. Zafin da suke jira a Yuni mu tun Maris yake same mu, ya kai mu har Mayu. Abinci kuma shi ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon kifi, don haka kuskuren bazara ba ƙarami ba ne.

Tarwada ta fi jin daɗin ruwa mai digiri 26 zuwa 30, karfasa ma kusan haka. Tamfol da ke tsakar rana da ruwa kaɗan yana iya wuce haka kafin la'asar. Kifi ya rage ci, sabon mai kiwo ya tsorata, ya ƙara zuba abinci ko ya ruga sayen magani. Abincin da ba a ci ba ya ruɓe, ya cinye 'yar iskar da ta rage, ya ƙara gubar amoniya, ita kuwa amoniya ta fi illa a ruwan zafi. Washegari sai a wayi gari kifi na iyo ciki sama. Ga abin da nake ba da shawara:

Ka sayi ma'aunin zafi na ruwa. Bai kai kuɗin buhun abinci ɗaya ba ko kusa. Ka auna safe, azahar da yamma.

Ka rage yawan abin da kake zubawa a lokaci guda. Ka watsa kaɗan-kaɗan kana kallo, da ka ga zafin cin ya ragu ka tsaya. Abin da ya rage yana yawo bayan minti 10 zuwa 15 ka kwashe shi.

Ka daidaita ƙwayar abinci da bakin kifi. Kada gaggawar girma ta sa ka tsallake daga milimita 2 zuwa 4 alhali rabin kifin ba za su iya haɗiyewa ba.

Ka yi inuwa da zana ko raga, ka ƙara zurfin ruwa. Ruwa mai zurfi ba ya saurin ɗaukar zafi.

Ka kula da ruwan canji. Wanda ya wuni a baƙin tankin sama ruwan zafi ne, ka taɓa shi da hannu kafin ka buɗe famfo. Tantance kifi da ɗaukarsu zuwa wani wuri kuwa, a bari sai da sanyin safiya ko yamma.

Akwai wuri ɗaya da bai kamata ka kwaikwayi masu kamun bas ba. Su asuba ce lokacinsu, domin a babban tafki suke. Kai kuwa in ramin ƙasa gare ka mai koren ruwa, asuba ce lokacin da iska ta fi ƙaranci, saboda gansakukar da ke samar da oksijin da rana ita ma shaƙa take yi da dare. Ka bari rana ta ɗan ɗaga, wajen ƙarfe 8 zuwa 9, kafin ciyarwar farko, babbar ciyarwa kuma ka kai ta yamma lis. Tarwada tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sama da ita, shi ya sa take jurewa, amma juriya daban, girma daban. Karfasa ba ta da wannan gatan. In ka ganta da sassafe ta taru a sama tana buɗe baki, ka ajiye kwanon abinci, ka sako sabon ruwa ko ka kunna injin iska.

Ga ɗan aiki na mako ɗaya ga duk mai kifi a ruwa yanzu. Ka samu littafi, kullum ka rubuta zafin ruwa sau uku, da nauyin abincin da kifin suka cinye a kowace ciyarwa. Bayan kwana 7 ka duba, da kanka za ka ga sa'ar da kifinka ke ci da gaske da sa'ar da kake ciyar da ƙasan tanki. Wanda ya gwada ya kawo mana alƙalumansa mu duba tare.

Allah ya sa albarka a kiwo, ya tsare mu da asara.