Sisi, Sule da Fam: Tsohon Turancin da Ke Bakinmu

 

Wata baiwar Allah daga Kwatarkwashi, can gindin dutse, ta aiko ɗanta da wata tsohuwar takarda da ta tsinta a adakar mahaifinta bayan rasuwarsa. An rubuta cewa ya karɓi jinginar gona a kan fam goma sha biyar da sule goma. Yanzu jikokin mai gonar sun zo, sun ce ga naira talatin da ɗaya, a ba su gonarsu. Tambayarta ita ce, wai haka lissafin yake?

To 'yar uwa, kafin mu je ga amsa, bari mu san kalmomin tukuna, don kusan dukkansu Turanci ne da ya tsufa, harshenmu ya lanƙwasa shi.

Fam daga pound ya fito, sule kuwa daga shilling. Sule ashirin ke yin fam ɗaya, kwabo goma sha biyu ke yin sule ɗaya. Shi kwabon asalinsa copper, wato jan ƙarfe, don haka talakan Ingila ke kiran ƙaramin tsabar kuɗinsu. Sisi shi ne sixpence, kwabo shida ke nan, rabin sule. Taro kwabo uku, nai kwabo tara. Ƙasa da su akwai ɗari, rabin kwabo, sai ɗan autansu anini, wanda sai an tara goma ake samun kwabo guda. Ki tambayi kakarki, za ta gaya miki kwabo da ɗari da anini masu huda ne a tsakiya, har a zare ake shirya su.

Abin da ke ba ni dariya, su masu harshen sun yar da yawancin kalmomin nan. A 1971 Ingila ta daina lissafi da sule, a 1980 ta janye sisi gaba ɗaya. Yaron Landan na yau ba zai iya gaya miki kwabo nawa ne a sule ba. Amma ke da ba ki taɓa zama a aji ba, kullum sai kin ce "wallahi ba ni da ko sisi", ko "bai ba ni ko anini ba". Kin ga ashe mu ne muka riƙe musu kayansu. Sule dai yana nan da ransa a Kenya da Uganda da Tanzaniya, shi ne sunan kuɗinsu har yau.

Mu a nan, ranar 1 ga Janairu 1973 aka kawo naira. Aka ce fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma. Daga nan rikicin ya faro, don sunayen ba su mutu ba, sai suka hau kan sabon kuɗi. Shi ya sa tsohuwa in ta ce fam biyar, naira goma take nufi. In ta ce jaka guda, fam ɗari ke nan, wato naira ɗari biyu. Jaka kam Hausa ce tsantsa, amma ta sha haɗa uwar miji da amarya faɗa wajen zubin adashi. Ku masu ɗora wa yara talla, in kuna ciniki da dattijuwa, ku sa ta faɗi kuɗin da naira kafin a rabu.

Takardun wancan zamani suna ɗauke da wasu kalmomin ma. In kin ga En'e, haruffa biyu ne na Native Authority, hukumar gargajiya mai karɓar haraji, kuma ƙasar nan tamu a ƙarƙashin ta Sakkwato take a lokacin. Di'o shi ne Baturen gunduma, Razdan kuma babbansu na lardi. Tun 1976 ƙananan hukumomi irin su Bunguɗu da Tsafe na yau suka gaji tsarin da ya maye gurbinsu.

Mu koma ga mai tambaya. A lissafin alƙalami ba su yi ƙarya ba: fam goma sha biyar naira talatin, sule goma naira ɗaya. Sai dai fam goma sha biyar a zamanin da ake kai gyaɗa da auduga tashar jirgin ƙasa ta Gusau dukiya ce da manomi zai yi damina guda yana nema, naira talatin da ɗaya kuwa yau ba ta sayen ƙullin gishiri mai kirki. Ni ba alƙaliya ba ce, kuma hukuncin jingina da bashin da kuɗinsa ya canja magana ce ta malamai. Shawarata, kada ki dangwala yatsa a kowace takarda, kada kuma ki ba kowa ta asalin. Ki sa a yi miki hotonta, ki kira sauran magada, maigida ko wanki ya raka ki gaban alƙali, a karanta ta da ƙarfi kowa ya ji.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, inda za mu duba yadi da inci, saboda masu ɗinki.