Yadda Ake Sarrafa Iska a Jiragen Ruwa da Dandamalin Haƙo Mai

Jirgin ruwa gida ne na ƙarfe, shi kuwa ƙarfe saurin ɗaukar zafi da sanyi gare shi. Bugu da ƙari iskar teku cike take da laima da gishiri mai haddasa tsatsa. Saboda haka tilas a shigar da iska da gangan, a tace ta, a gyara ta, sa'an nan a fitar da wadda ta gurɓace.

A yawancin manyan jirage akwai injin da ke sanyaya ruwan daɗi zuwa wajen digiri 7 a ma'aunin Salshiyos, zafin da ya cire kuma ya zubar da shi cikin ruwan teku. Ruwan sanyin nan yana zagawa cikin siraran bututu, fanka na hura iska a kansu. Da iskar ta yi sanyi sai laimarta ta zama raɓa ta ɗige, watau an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ɗakin inji kuwa ba a cika wahalar sanyaya shi ba. Iska mai yawa ake ɗura masa, domin injin kansa da iska yake ƙona mai.

Wurin ajiye kaya ya fi wuyar sha'ani. Alal misali, a zamanin dalar gyaɗa ta Kano, akan loda buhuna a Legas cikin zafi da laima, jirgi ya nufi Ingila. Yana shiga ruwan sanyi sai jikinsa ya yi sanyi, danshin da gyaɗar ke fitarwa ya taru a rufi ya dinga ɗiga a kan buhuna. Ma'aikatan jirgi suna kiran wannan gumin jirgi, ƙarshensa kuwa fumfuna da hasara. Maganinsa shi ne a buɗe kafofin iska muddin iskar waje ta fi ta ciki bushewa. In kuwa ta fi ta laima, rufewa ya fi, don buɗewa ƙara jiƙa kayan zai yi.

A dandamalin haƙo mai maganar ta wuce ta jin daɗi ko ta dukiya, ta zama ta rai. Ana tura iska cikin ɗakunan kwana fiye da wadda ake fitarwa, ta yadda ko an buɗe ƙofa iskar ciki ce za ta fita, gas da hayaƙi ba su sami hanyar shiga ba. Bakin bututun jan iska ana kafa shi nesa da inda ake sarrafa mai, a sa masa na'urar sansano gas da ƙyauren da zai rufe kansa.

Ba haka kawai aka tsananta waɗannan ƙa'idoji ba. Ran 6 ga Yuli, 1988, dandamalin Piper Alpha da ke Tekun Arewa, daura da Sikotilan, ya kama da wuta, mutum 167 suka halaka. Da yawa daga cikinsu sun taru ne a ginin kwana suna jiran ceto, hayaƙi ya cim musu a can. Rahoton binciken da Lord Cullen ya fitar a 1990 ya nemi kowane dandamali ya tanadi mafaka wadda za ta iya tare wuta da hayaƙi har a kwashe mutane.

Duk da haka, a watan Afrilu na 2010 gas ya ƙwace daga rijiyar da Deepwater Horizon ke haƙawa a Tekun Meziko, ya bi kafofin iska ya shiga ɗakunan inji. An sansano gas ɗin, amma ba a tsara ƙyauren ɗakunan su rufe da kansu ba, sai an jira hannun mutum. Injuna suka shaƙi gas suka ƙara gudu fiye da kima, abu ya fashe, mutum 11 suka rasu.