Ƙananan Mena da maganar shekaru

Kowane ɗan lakwal a Nijar ya san sunan Mena. Shi ne sunan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu. Mena wata irin barewa ce mai dogon wuya da dogayen ƙafafu, wadda ke zaune a bakin hamada, wajen duwatsun Tarmit da na Abzin. Tana da gudu ƙwarai, amma ta yi wuyar gani yanzu, don kaɗan suka rage.

Ƙungiyar Mena ba ɗaya ba ce. Akwai ta manya. Akwai ta samarin da ba su wuce shekara 20 ba, waɗanda ake kira juniors da Faransanci. Akwai kuma ta yaran da ba su wuce shekara 17 ba, su ne cadets. Labarin waɗannan ƙananan za mu karanta yau.

Don mi ake raba ƴan wasa bisa shekarunsu? Ku duba filin lakwal ɗinku. In aka haɗa ɗan aji shida da ɗan aji ɗaya kokowa, kowa ya san wanda zai sha ƙasa tun ba a kama ba. Haka yake a wasan ƙwallo. Saurayi mai shekara 20 ya fi yaro mai shekara 16 ƙarfi, ya fi shi nauyi, ya kuma fi shi sanin dabarun wasa. Saboda haka kowace gasa tana da ranar da aka yanke. Misali, a gasar duniya ta cadets ta shekarar 2017, sai wanda aka haifa daga ranar 1 ga watan Janairu na 2000 zuwa gaba yake da izinin shiga fili. Wanda aka haifa ranar 31 ga Disamba na 1999 ba ya ciki, ko da yake kwana ɗaya ne tsakani.

Nijar ta taɓa shan wuya bisa wannan doka. A shekarar 2009 an yi gasar Afirka ta cadets a ƙasar Aljeriya. Ƙananan Mena sun yi wasa mai kyau, har sun samu wuri cikin ƙasashe huɗu na ƙarshe. A lokacin, waɗannan huɗun su ne ke zuwa gasar duniya. Sai hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wato CAF, ta kori ƙungiyar daga gasar saboda maganar wuce shekaru. Aka ba ƙasar Malawi wurin. Malawi ce ta tafi gasar duniya, wadda aka yi a wannan shekara a Nijeriya, nan maƙwabta. Yaran da shekarunsu ke daidai, su ma hukuncin ya hau kansu. Ba su yi laifin komi ba, amma sun koma gida.

Yaya ake sanin shekarun ɗan wasa? Abu na farko shi ne takardar haihuwa. In an haifi yaro, iyayensa suna sanar da ma'aikatan da ke rubuta haihuwa, a rubuta sunansa da ranar da ya zo duniya. Amma a garuruwa da yawa ba a yin haka da wuri. Sai yaro ya girma a tafi wajen alƙali a yi masa wata takarda. Ku tambayi kakanninku: da yawa cikinsu takardarsu tana cewa né vers, wato an haife su wajen shekara kaza, ba rana, ba wata. Takardar da aka yi daga baya tana iya zuwa da kuskure, kuma mai son zamba yana iya rage shekaru a cikinta.

Don haka aka nemi taimakon likitoci. Kusa da wuyan hannun yaro, ƙashi yana da wani wuri mai taushi kamar guringuntsi. Ta nan ƙashin ke ƙara tsawo. In yaro ya gama girma, sai wurin ya rufe, ya zama ƙashi sosai. Akwai wata na'ura ta asibiti, ana ce mata IRM, wadda ke ɗaukar hoton cikin jiki ba tare da an tsaga fata ba. In hoton ya nuna wurin ya rufe sarai, galibi mai hannun ya wuce shekara 17. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta fara wannan awo a gasar cadets ta 2009. Na'urar ba ta faɗin ranar haihuwa, kuma akwai yaran da ƙashinsu ke rufewa da wuri. Duk da haka ta sa masu zamba sun shiga taitayinsu.

Bayan wannan, sai Nijar ta sake shiri. A farkon shekarar 2015 aka yi gasar Afirka ta cadets a Yamai, a babban filin wasa na Janar Seyni Kunce da filin wasa na birni. Ƙananan Mena ba su wuce zagayen farko ba. Mali ce ta ɗauki kofin.

A watan Agusta na 2016 aka haɗa su da Nijeriya, a wasannin neman shiga gasar Afirka ta gaba. Ba ƙaramin abokin karawa ba ne: ƙananan Nijeriya sun ɗauki kofin duniya sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. A Abuja sun ci Nijar 1 da 0. A Yamai kuwa Nijar ta ci su 3 da 1. Ku haɗa lissafin da kanku: 3 da 2 ke nan. Mai riƙe da kofin duniya ya fita, Mena ta wuce.

An yi gasar Afirka a Gabon cikin watan Mayu na 2017. A zagayen farko, wanda ya ci wasa yana samun maki 3, in an tashi kunnen doki kowa ya samu maki 1. Nijar ta yi 2 da 2 da Angola, Mali ta ci ta 2 da 1, sa'an nan ta ci Tanzaniya 1 da 0. Nijar da Tanzaniya kowacce tana da maki 4. To, wa zai wuce? Doka ta ce a duba wasan da suka yi tsakaninsu. Ƙwallon nan guda ɗaya ita ce ta kai Nijar gasar duniya. Daga baya Gana ta fitar da ita da bugun daga kai sai mai tsaron gida, Gine kuma ta ci ta 3 da 1, ta ƙare ta huɗu.

A watan Oktoba na 2017 ƙasashe 24 suka taru a Indiya. Wannan ne karon farko da wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar ta shiga gasar duniya ta FIFA. Ko manyan Mena ba su riga su ba. Ranar 7 ga wata, a birnin Koci da ke bakin teku a kudancin Indiya, suka kara da Koriya ta Arewa. A minti na 59 Salim Abdourahmane ya jefa ƙwallo cikin raga, aka tashi 1 da 0. Sipaniya ta ci su 4 da 0, Birazil ta ci su 2 da 0, amma maki 3 ɗin nan sun ishe su shiga cikin ƙasashe 16 da suka wuce zagaye na biyu. A nan suka sake gamuwa da Gana, ta ci su 2 da 0. Ingila ce ta ɗauki kofin, bayan ta ci Sipaniya 5 da 2.

A lokacin, duk bayan shekara biyu ake yin wannan gasa. Tun daga 2025 ne aka mai da ita ta kowace shekara. Ke nan yaran da aka haifa a 2000 ba su da damar komawa gasar da ta biyo baya, don sun wuce shekaru. Dole mai horarwa ya sake neman wasu yara, ya sake duba takardunsu ɗaya bayan ɗaya. Su kuwa waɗanda suka girma, matakin da ke gabansu shi ne na juniors. A watan Faburairu na 2019 an yi gasar Afirka ta juniors a Nijar, a Yamai da Maraɗi, kuma Mali ce ta tafi da kofin.